Shirun Gwaggo Delu

Bakin Gwaggo Delu ya tsaya a karkace, ido ɗaya a rufe ɗaya a buɗe, fuskar ta ƙame a kan allon ƙam. Karo na huɗu ke nan tun da aka buɗe asibitin da safen nan, ga shi ko takwas da rabi ba ta yi ba. Wasu masu cikin fari su biyu da ke bencin gaba suka tuntsire da dariya, ɗaya har ta zaro waya za ta ɗauka. Ramla ta yi wuf ta sha gaban na'urar, ta baza hijabinta ta kare allon.

"Baiwar Allah, mai da wayarki jaka," in ji ta. "Tsohuwar nan gwaggona ce."

Yarinyar ta mayar da wayar tana ƙunƙuni. Ramla ba ta matsa ba sai da ta ji muryar Gwaggo ta dawo daga bayanta, ta ci gaba da magana kamar ba abin da ya faru.

Na'urar dai allo ce mai tsawon mutum, irin wadda ake taɓawa da yatsa. Jiya da la'asar aka kafa ta a rumfar da mata ke jiran awo, a wani ƙaramin asibitin mata da yara da ke wajen Ƙofar 'Yandaka. Hotuna shida ne a fuskarta. Mace ta taɓa ɗaya, sai bidiyo ya buɗe a yi mata bayanin abin da bai kamata mai ciki ta zauna da shi a gida ba: kumburin ƙafa da fuska, ciwon kai mai tsanani, zubar jini, da sauransu. Kamfanin da ya kawo na'urar daga Kaduna ya zo da nasa bidiyon, wani zane mai motsi da aka ɗora wa murya. Ramla ce ta tsaya kai da fata ta ce matan Katsina ba za su ɗauki maganar haihuwa daga bakin zane ba, a bar ta ta kawo musu wadda suka sani. Aka ce to, ta gwada.

Ramla kuwa, a faɗi gaskiya, tana ji da kanta. Shekara shida tana tace bidiyon biki da walima a wani ɗan shago a Ƙofar Durbi, kuma ko masu jin haushinta sun yarda cewa in ta taɓa hoton amarya, amaryar ma sai ta sake kallon kanta. Wannan aikin ne na farko da ta samu wanda ba kiɗa ba liƙi, saboda haka ta zuba masa duk abin da ta iya. Ta aro babbar kamara, ta ɗauki hoton a matakin da ya fi kowane kyau, har zaren da ke bakin gyalen Gwaggo ana iya ƙirgawa.

Shawo kan Gwaggon shi ne aikin da ya fi wuya. Yayar mahaifinta ce, ungozoma shekara arba'in, rabin yaran unguwar a hannunta suka fara kuka. Ban da na katin zaɓe, ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Wata biyu Ramla tana sintiri gidanta da goro da lallashi kafin ta yarda, kuma sharaɗi ɗaya ta kafa. "Ki ji ni da kyau, ɗiyar Abbas. Kada ki mai da ni abin dariya bisa bango." Ramla ta yi alkawari har da rantsuwa.

Hajiya Safara'u, babbar nas ɗin asibitin, ta fito daga ɗakin awo da tulin katuna a hannu. Gajera ce mai murya, in ta yi magana a rumfa har masu kosai a bakin titi suna ji. Da can ba sa ga-maciji da Gwaggo Delu saboda haihuwar gida, amma tun ranar da tsohuwar ta fara rako masu ciki asibiti da ƙafarta suka zama aminai.

"Ramla, mi nike gani haka?" ta ce. "Delu ba ta cancanci wannan ba. Ƙarhe nawa mutumen naku zai zo?"

"Ƙarfe ɗaya, Hajiya."

"To kin ji. Ko ki gyara, ko in yafa mata zane har ya iso."

Mutumin shi ne Malam Nasiru, injiniyan kamfanin. Ya tafi wani gari kafa wata na'urar, zai dawo da ƙarfe ɗaya ya duba wannan ya sa hannu a takarda. Tun jiya ya faɗa mata a fili cewa in bidiyonta bai tafi sumul ba, goge shi zai yi ya sa na kamfani, don yana da shi a filas, ɗan abin adana fayil, cikin aljihu. Ramla ta san in haka ta faru, labarin zai riga ta isa gidan Gwaggo: an sa ta a bango da safe, an yi mata dariya, an cire ta da rana.

Tana tsaye tana wannan tunanin wata mata ta taso daga bencin baya, ta zo ta tsaya nesa kaɗan da allon tana leƙe. Sabuwa sunanta, kamar yadda aka kira a katinta. Daga ƙauye suka dawo birni bara, mijinta ɗan acaba ne, kuma wannan ne zuwanta asibiti na farko duk da cikin na biyar ne. Ta goge hannu a zani, ta taɓa hoto ɗaya da bayan yatsa, ta ja da baya da sauri.

Aka nuna ƙofar gari da hantsi, tsuntsaye suna wucewa, rubutu mai ruwan zinariya ya taso. Sannan Gwaggo ta bayyana.

"Salamu alaikum, ɗiyata," in ji ta. Sai hoton ya ƙame.

"Wa alaikumus salamu, Inna," Sabuwa ta amsa, har da ɗan rusunawa.

Hoton ya motsa. "An tashi lahiya?" Ya sake ƙamewa.

"Lahiya lau, Inna."

Ramla ta runtse ido don kunya. Kowace ƙamewa ji take kamar an tsunkule ta. Ba ta tsaya ganin ƙarshe ba, ta zagaya bayan na'urar ta buɗe murfin. 'Yar kwamfutar da ke ciki ba ta fi girman sabulun wanki biyu ba, kuma ta yi zafin da ba a iya barin hannu a kanta. Ta kira Malam Nasiru.

"Ai na gaya miki, Malama Ramla," ya ce, ana jin ƙugin mota ta wayar. "Fayil ɗinki ya yi nauyi. Injin nan ba na sinima ba ne, ɗan ƙaramin abu ne da zai yi aiki daga safe har yamma cikin zafi. Kin ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Duk inda kika yanka kika haɗa da wannan narkewar taki, nan yake shaƙewa. Ki rage, ko kuwa mu sa namu mu huta."

"Zan rage," ta ce. Ranta ya sosu, musamman da yake gaskiya ya faɗa.

Hajiya Safara'u ta buɗe mata sito, inda ake ajiye kwalayen gidan sauro. Ramla ta zauna a kan kwali ɗaya, ta ɗora kwamfutarta a kan wani. Ta rage girman hoton zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Hotuna sittin da ke wucewa a kowane sakan ta mayar da su ashirin da biyar. Narkewar da ta sa a mahaɗar kowane yanka, inda hoto ɗaya ke dushewa cikin na gaba, wadda ta kwashe kwana biyu tana gyarawa, ta cire ta gaba ɗaya. Da ta duba sakamakon sai da ta yi tsaki. Zaren gyalen ya koma launi kawai, tsagen da ke kumatun Gwaggo ya dushe. Ta matsa baya taku uku, daidai inda mai kallo zai tsaya, ta sake dubawa. Daga nan kam Gwaggo ce sak, ba wanda zai ce an rage wani abu. Ta ɗan ji sanyi, amma ba ta fasa jin zafin zaren ba.

Goma da rabi ta ɗora sababbin fayilolin. Ta taɓa na farko, ya tafi sumul. Ta taɓa na biyu tun na farko bai ƙare ba, don ta ga ko na'urar za ta rikice, ya buɗe nan take. Ta bi shidan ɗaya bayan ɗaya, ta koma baya ta sa hannu a kan 'yar kwamfutar, ta ji ɗumi kawai. Kanta ya fasu. Ta je har ƙofar ɗakin awo ta kira Hajiya, ta tsaya gefe ta harɗe hannu tana jiran yabo.

"To, madalla," in ji Hajiya bayan ta kalli rabin ɗaya. "Yanzu kin yi aiki." Ta koma ciki.

Ramla ta samu gefen benci ta zauna don ta more kallon masu kallo. Sabuwa ta fito daga gwajin jini, ta jawo hannun wata maƙwabciyarta tana cewa ta zo ta ga tsohuwa mai kirki. Ta taɓa allon, wannan karon ba tsoro.

"Salamu alaikum ɗiyata an tashi lahiya ya gida ya yara ya nauyin jiki to madalla, yau zan yi maki magana bisa kumburin ƙahwa."

Sabuwa ta buɗe baki a kan sallamar, amma kafin ta kai rabi Gwaggo ta wuce gida ta wuce yara. Ta rufe bakin. Ta ɗan tsaya, ta dubi maƙwabciyar, suka juya suka koma benci, Gwaggo tana ta bayani ba mai saurare. Wata ta taso ta gwada, ita ma ba ta kai ƙarshe ba. Cikin rabin awa rumfar ta koma hirarta, na'urar tana tsaye ita kaɗai tana haske. Da safe da take maƙalewa har layi aka yi a gabanta.

Abin ya ɗaure wa Ramla kai, ya kuma ba ta haushi. Ta je ta durƙusa kusa da Sabuwa, suka gaisa, sannan ta tambaye ta abin da ya sa ba ta kalla ba.

Sabuwa ta ji nauyin faɗa. "Ke kika yi ta?"

"Ni ce."

"To ki yi haƙuri, amma ta ɗazu ta hi kirki. Ita in ta gaishe ka sai ta tsaya ka amsa. Wannan kuwa kamar ta baro tukunya bisa wuta. Wanda bai tsaya jin lahiyarka ba, mi zai gaya maka ka ɗauka?"

Ramla ta tashi ta koma sito, ta ja ƙofa, ta zauna a kan kwalin. Sai ranar ɗaukar hoton ta faɗo mata. Gwaggo tana zaune a tsakar gidanta a kan darduma, ta dubi kamara ta yi sallama, sai ta yi shiru. Ramla ta yi mata alama da hannu ta ci gaba. Ta ce an tashi lahiya, ta sake yin shiru. Ramla ta ce, "Gwaggo, ki riƙa haɗawa, lokaci muke kallo." Tsohuwar ta harare ta ta ce, "In haɗa mi? Ai ba su amsa ba tukuna." Ramla ta yi dariya a ranta ta bar ta, ta san almakashi na hannunta. Da ta zo tacewa ta bi shirun nan guda biyar ta datse su tas, a duka bidiyon shida, tana yaba wa kanta cewa ta gyara wa tsohuwa magana. Ashe maƙalewar da ta hana ta sukuni tun safe ita ce ta riƙa mayar da abin da ta yanke.

Kunya ta kama ta sosai, irin wadda ba mai gani amma ta fi ta cikin mutane ciwo. Ita da aka haifa a Ƙofar Durbi, wadda in ta gaida Baba a gurguje sai ya kira ta ta dawo ta sake, ita ce ta manta da wannan.

Ta buɗe ainihin hoton da ta ɗauko, wanda ba a taɓa ba. Shirun suna nan. Ta ƙirga su, sakan goma sha takwas. A nan gizo ke saƙar, domin an saita na'urar ne ta yadda in bidiyo ya wuce minti ɗaya da rabi sai ta katse shi ta koma shafin farko, kuma nata duk sun cika ma'aunin taf. In ta ƙara shirun, ƙarshen maganar Gwaggo zai faɗi, wurin da take cewa a zo asibiti kada a jira gari ya waye. Wannan kuwa ba ya taɓuwa.

Ta daɗe tana kallon layin bidiyon, duk da tun kallon farko ta ga inda sakan goma sha takwas ɗin suke. Sha biyu a farko: ƙofar gari da hantsi, wadda ta yi sammako kwana uku kafin tsuntsayen su wuce yadda take so. Shida a ƙarshe: Tsarawa da tacewa, Ramla Abbas, Ƙofar Durbi, da lambar wayarta. Ta riga ta gaya wa ƙawayenta su zo su ga sunanta a asibiti. Ta riga ta hango wani babba daga ma'aikatar lafiya ya tsaya ya kwafi lambar. Tana son sunan nan a wurin, ba ta ɓoye wa kanta ba, har idonta ya kawo ruwa. Ta share da bakin hijabi, ta zaɓi guntayen biyu, ta goge.

Sha biyu saura kwata ta fara fitar da fayilolin, kowane yana cin kusan minti goma. Fankar kwamfutar ta shiga kuka, ta ɗaga ta a kan kwali biyu don iska ta ratsa ta ƙasa, tana yi mata fifita da murfin kwali. Da na farko ya fito ta sa a kunne ta gwada, tana amsawa a hankali. Wa alaikumus salam. Tana rufe baki Gwaggo ta ce an tashi lahiya. Ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Tana kaiwa ƙarshe Gwaggo ta gyaɗa kai ta ce ya gida. Ko sakan ɗaya bai yi yawa ba, bai kuma gaza ba. Tsohuwar da ba ta taɓa tsayawa gaban kamara ba ta auna amsar mutanen da ba ta gani, ta auna daidai. Ramla ta ji wani alfahari ya cika mata ƙirji, wanda ya fi na ɗazu nauyi, ta ce a fili ita kaɗai a cikin sito, "Kai, Gwaggo!"

Ɗaya saura minti biyar ta gama ɗora na shida. Ba ta samu ta gwada a kan na'urar ba sai ga Malam Nasiru ya shigo, dogo, da jaka a kafaɗa da takarda a hannu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Rumfar ta ragu, amma akwai mata kamar goma sha biyar da ke jiran sakamakon gwaji, Sabuwa na cikinsu. Hajiya Safara'u ta fito ta tsaya da rajista a hammata. Aka gaisa a tsaitsaye.

"To, mu gani," ya ce. Ya taɓa hoton farko.

Bidiyon ya buɗe nan take, ba ƙofa ba tsuntsu, Gwaggo ce kawai a kan dardumarta.

"Salamu alaikum, ɗiyata."

Ta yi shiru. Gwaggo kuwa in ta zauna ko ƙifta ido ba ta cika yi ba, sai ka rantse hoto ne. Malam Nasiru ya yi ɗan tsaki, ya girgiza kai, ya tura hannu aljihun da filas yake. "Kin gani ko? Har yanzu yana..."

"Wa alaikumus salamu," bencin ya amsa daga bayansa, murya goma sha biyar a haɗe, ta Sabuwa a sama.

Ya waiga a firgice. Hajiya Safara'u ta miƙa rajistarta ta tare tsakaninsa da allon.

"Malam, kai ba ka ji an yi sallama ba?"

Ya dubi Hajiya, ya dubi Ramla. Ramla ta ɗaga kai.

"An tashi lahiya?" in ji Gwaggo.

"Lafiya lau," ya ce a hankali, muryarsa ta shige cikin ta matan.

"Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya yara?"

"Suna lafiya."

"Ya nauyin jiki?"

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Nasiru, tun kafin ya ankara da tambayar ta masu ciki ce.

Rumfar ta kaure da dariya, har da nas ɗin da ke leƙowa ta taga. Shi ma ya dara yana sosa ƙeya. Gwaggo ta ce to madalla, ta shiga bayanin kumburin ƙafa, sai dariyar ta ɗauke ɗif. Mata uku suka taso suka matso, Sabuwa ta ja maƙwabciyarta har gaban allon, suka tsaya suna gyaɗa kai.

Malam Nasiru ya zaro hannunsa daga aljihu. Biro ne a ciki. Ya buɗe takardar yana waige-waigen inda zai ɗora ta, ya fara cewa, "Hajiya, ina zan..."

"Jira ta gama magana tukuna," in ji Hajiya Safara'u.

Ya rufe baki, ya riƙe bironsa, ya tsaya a bayan matan yana jira.